Na'urar da Injiniya Ya Gyara

Zuwa ga Yayata,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigida da yara. Yaya ƙafar Mama, ta sake kumbura?

Kin ce in rubuto miki abin da likita ta faɗa ba tare da kwana-kwana ba. Mahaifata lafiyarta lau, Yaya. Shekara tara ana shafa mini ciki da addu'a da magani, ashe matsalar a kai take. Ta ce can cikin ƙwaƙwalwa akwai wasu 'yan ƙwayoyin jijiya, ba su da yawa, su ne ke aika saƙo ga wani ɗan ƙullutu da ke ƙarƙashinsu, shi kuma ya umarci ƙwan haihuwa ya nuna. Ba sa motsi sai maƙwabtansu sun zungure su, lokaci bayan lokaci. Nawa maƙwabtan sun yi shiru. Na ce mata dama a gida an daɗe ana cewa kaina da motsi, ashe rashin motsin ne. Ba ta yi dariya ba.

Sun sa ni cikin wani bincike na wata uku. An ɗaura mini 'yar na'ura a ƙugu, ba ta kai tafin hannu ba, da siririn bututu da ke shiga ƙarƙashin fata. Duk bayan minti casa'in takan yi ɗan ƙara ta tura magani, sai ta yi tsit. Ina cire ta ne kawai in zan yi wanka.

Maigidana Injiniya yana gaishe ki. Ranar da muka je asibiti a mota ya zauna, wai ba ya son warin wurin.

Ƙanwarki,
Auta

Yaya,

Bayan gaisuwa, na ji daɗin jin Mama ta fara takawa. Allah Ya ƙara sauƙi.

Wata na farko ya wuce. A hoto an ga ƙwai ya fara girma, bai dai kai ba. Likita ta ce alama ce mai kyau. Ban sa rai ba, ban kuma cire ba.

Kin san surukinki da aikinsa. Mutumin da ya yi shekara ashirin yana gyaran injin ruwa ba ya iya jin abu ya tashi ya tsaya ya ƙyale shi. Muna karyawa na'urar za ta yi ƙara, sai ya ajiye kofi ya kasa kunne. Wai a wurinsu injin da ke aiki yana katsewa, ko iska ta shige shi ko yana shirin mutuwa. Na ce masa haka aka yi ta. Ya ce haka duk masu kaya suke faɗa kafin su kawo masa.

Ya saya mini sabuwar ɗamarar ɗaura ta mai laushi, don ta asibiti tana cin fata. Yana ƙoƙari, Yaya, ban taɓa cewa ba ya yi ba.

Taki,
Auta

Yayata,

Ina fatan kuna lafiya. Ki yi haƙuri da shirun da na yi.

An rufe binciken, na mayar da na'urar ranar Talata. Babu ciki. Wata biyun ƙarshe ko motsi ƙwan bai yi ba. Likita ta haɗa na'urar da kwamfuta, ta juyo mini da allon. An canza tsarinta tun farkon wata na biyu, wata safiya da ƙarfe bakwai saura kwata. Maganin bai ƙaru ba, bai ragu ba, an dai raba shi yana ɗiga ba tsayawa. Ta ce ba ƙaramin mai basira ne zai iya wannan ba. Ni kuwa na san kullum a wannan lokacin ina wanka, na kuma san wanda nake bari a ɗaki da ita. Da ƙarar ta ɗauke, na zaci sabo ne ya sa na daina jinta.

Ta bayyana mini cewa shirun nan na tsakani shi ne rabin maganin. Ƙullutun kamar yaro yake, in ana kiran sunansa ba fashi sai ya daina amsawa. Ta tambayi wa ya taɓa, na ce ni ce, garin goge ta. Ta dube ni, ta rubuta.

Na yi baƙin ciki, Yaya, har yau ina yi. Amma na ce wa Injiniya jikina ne ya ƙi. Dangi sun saba jin haka, ba wanda zai yi mamaki. Kada ki gaya wa Mama.

Jiya ya same ni a tsakar gida ina shanya, ya zo rarrashi. Ya ce in kwantar da hankalina, mun yi iya yinmu, shi ma bai zauna haka ba. Sai ya ba ni labarin gyaran, da yadda ya ɓoye don kada in damu. Ya ce aƙalla tun da ya sa mata hannu ba ta sake tsayawa ba ko sau ɗaya.

Na ce masa haka ne, sannu da aiki.

Ki gaida yara.

Ƙanwarki,
Auta