Ashe Saiwa Ce, Inna

Assalamu alaikum Inna,

Gaisuwa da addu'a daga 'yarki, shekara shida bayan kin koma ga Mahaliccinki. Bayan haka, ƙara na kawo miki, kuma ƙarar taki ce.

Juma'ar da ta wuce muka fita bakin bahar, wato teku, can kudu bayan garin Jidda, ni da Yaya Hajara da yaranta. Muna neman inda za mu shimfiɗa tabarma sai na ga wani ɗan itace ya baje a kan yashi, ganyensa kore shar, da 'ya'ya ƙanana jajaye kamar tsakiya. Ban san shi ba. Na ɗauki hotonsa na tambayi waya, ta jero min sunayen da ban taɓa ji ba. Har na daka wa yara tsawa kada su taɓa, ƙila guba ce.

Yaya ko kallo biyu ba ta yi masa ba. Ta tsinki 'ya'yan ta watsa a baki, ta durƙusa ta tone gindinsa da hannu, ta ɓallo saiwa ta kawo min hanci.

Inna, ƙamshin ɗakinmu na unguwar Waziriyya ne! Asuwaki ne. Wanda kika yi shekara da shekaru kina sayarwa a ƙofar masallaci, wanda ni nake yankawa ina ɗaurewa har hannuna ya yi kanta. Ni duk tsawon rayuwata na ɗauka reshe ne. Ashe saiwa ce.

Daga nan bakin Yaya ya buɗe. Yadda kuke bin mota zuwa wurin masu tono. Yadda kika koya mata ta ɗanɗana, in bai yi yaji a harshe ba ta bar musu kayansu. Wai a hanyar dawowa kina ba ta labarin garinku, da rijiyar gidanku, da yadda kika baro Nijeriya da goyo. Ni ko ɗaya ban taɓa ji ba.

Wallahi kishi ne ya turnuƙe ni, ni da furfurata. Me ya sa ita? Sau nawa na bi ki har ƙofa ina kuka, ki juyo ki ce, "Halas, ya isa, koma ciki, akwai rana." Kullum akwai rana, Inna. A Jidda yaushe ne babu rana?

Na kasa riƙewa, na faɗa mata a gaban yaranta. Ta ce in ji tsoron Allah, ni aka bari a inuwa da littafi, ita aka ɗauka dako. Ta cire takalmi ta nuna min faso a dugaduganta. Na san gaskiya ta faɗa, amma ban huce ba. Karatun nan ai kowa ma zai iya koya min shi. Ita kuwa da ke ta yi ta yini.

Tun ranar ta kira ni sau huɗu, ban ɗauka ba.

Allah Ya haskaka kabarinki, Inna, Ya saka miki kowace rana da ta dake ki saboda mu. Ni kuma Ya wanke min zuciya kafin in rasa Yaya ita ma. Gobe zan je gidanta a unguwar Madain Fahd in zauna a gabanta, kishin nan yana cina, in roƙe ta ta faro min labarin garinku tun daga farko. Ba ni da wani wurin da zan ji shi sai bakinta.

'Yarki ta biyu,
Safiya