Furanni Takwas a Ranar Sunan Mama

Brezno,
25 ga Oktoba.

Zuwa ga ƙanena Kornel,

Ina miƙo maka gaisuwa mai yawa, da fatan takardar nan za ta same ka lafiya, kai da maiɗakinka Linda da duk wanda ke tare da ku a Kanada. Allah ya ƙara lafiya, ya yi wa aiki albarka. Mu nan sai godiya. Maigidana Gejza ya gama haƙar dankali, sanyi ya fara leƙowa daga kan duwatsu. Mama kuwa ƙafar tana nan yadda ka sani, amma tana cin abincinta tana faɗanta, ko in ce tana yi har zuwa ranar sunanta. Dalilin rubuto maka ke nan, kuma kada ka sa ran zan sassauta maka, don raina a ɓace yake.

Ɗanka Patrik ya iso lafiya. Shekararsa talatin da biyu, wannan ne zuwansa na farko, kuma da gangan ya zaɓi ranar da kalanda ta nuna sunan Mama, Hedviga, wadda muke yi mata biki a cikinta duk shekara, don ya faranta wa kakarsa. Kwana uku Mama tana shiri. Da hannunta ta gurza dankalin halushki, abincinmu na gargajiya, ta aiki Gejza har wajen makiyaya neman cukun tumaki mai kyau, ta tara dangi da maƙwabta. Yaron nan ya shigo da fara'arsa, ya tsallake silifas ɗin baƙi da na ajiye masa a bakin ƙofa, ya hau dardumar falo da takalman da ya tako taɓo da su. Goggo Etela ta raɗa mini wai ko a garken shanu aka rene shi, raɗar da har na kicin suka ji. Da aka ɗaga kofuna don yi wa Mama fatan alheri, maimakon ya kalli idon mutane kamar yadda aka saba, idonsa na kan silin. Sannan cikin guntun yarenmu da ya iya ya ce tun yana ƙarami yake mafarkin ganin Sloveniya, wata ƙasa daban da sunanta ya yi kama da na tamu. Gejza ya ce masa, "To ɗana, ai ka ɓata hanya, sha ka ƙoshi in raka ka tasha." Aka yi dariya, ni ma na yi, duk wannan mai wucewa ne.

Sai ya koma mota ya ɗauko furanni. Kornel, fararen nan ne masu kai kamar ƙwallo, waɗanda ake jerawa a ƙofar maƙabarta yanzu da ranar ziyarar matattu ta matso. A can ma ya saye su, wai ya ga sun fi na ko'ina kyau. Ya durƙusa gaban tsohuwa mai shekara tamanin da bakwai ya miƙa mata, ya ce daga babansa. Mama ta sa yatsa ta ƙirga su ɗaya bayan ɗaya, takwas cif. Goggo Etela ta miƙa hannu za ta zare ɗaya su koma bakwai, Mama ta buge hannun. Abin da ta ce kawai shi ne, ta gode, a gaya wa babansa saƙo ya iso.

Na ja shi kicin na bayyana masa cewa mai rai uku ake ba shi, ko biyar, ko bakwai, masu tafiya biyu-biyu na gawa ne, irin waɗannan kuma ba sa shiga ɗaki sam. Ƙwalla ta cika masa ido. Ya ce da ya tambaye ka abin da zai kawo, cewa ka yi ya sayi fure kawai, ka ci gaba da kallon ƙwallonka. Shi ba ni da abin cewa a kansa. Washegari ya kawo mata wardi biyar, ya tsaya a bakin ƙofa da safa, ya faskara mana itace har hannunsa ya yi kanta. Mama ta shafa kansa, ta ce hancin Baba ne da shi. Kai nake tuhuma. A gidan nan aka haife ka, kai ne mai ɗaukar wa Mama fitilun kabari duk shekara. Ka yi fiye da shekara talatin da yaro a gabanka, ka kasa gaya masa sunan ƙasar ubansa, balle yadda ake shiga ɗakin kakarsa? Haba Kornel. Wallahi na ji kunya, kuma taka na ji.

Na yi ta lallashin Mama cewa kuskure ne. Ta ce ta sani, ba ta ruɗe ba tukuna. Ta ce wanda bai ga amfanin koya wa ɗansa yadda ake gaishe ta ba, ai ya daɗe da binne ta, furannin ne kawai suka makara. Shi ya sa duk kiran da ka yi a makon nan take cewa in ce tana barci. Abinci sai ta tsakura ta ture.

Shekaranjiya ta sa Gejza ya kai ta maƙabarta a mota. Ka tuna dutsen kabarin Baba, wanda aka sassaƙa sunanta a gefen nasa, da shekarar haihuwarta, aka bar wurin shekarar mutuwarta fili? A nan gefenta ta jera furanninka takwas. Mata suna wankin kaburbura ta ko'ina, duk suka miƙe suna kallo. Ta gaya musu ɗanta na Kanada ya riga ya sauke nauyinsa, in lokacin ya yi kada a wahalar da shi da doguwar tafiya. Na sunkuya zan kwashe su, ta ce in na taɓa ba ni ba ita, wanda ya aiko su shi zai zo ya ɗauke.

Suna can har yanzu, ruwa na dukansu. Shekara goma sha tara rabonka da gida. Kada ka aiko wasiƙa, kada ka aiko kowa, ka zo ka ɗauke su tana da ƙafar raka ka.

Ka gaida Linda, da 'yarku Karin da maigidanta. Gejza da Goggo Etela suna gaishe ka, Patrik ma haka, ya ɗage komawarsa da mako guda. Na tambayi Mama ko in sa gaisuwarta, ta juya fuska bango.

Yayarka,
Vilma