A Dawo da Jar Jakar Malam

Gwandu, Jihar Kebbi,
Ranar Asabar.

Zuwa ga ƙanena Kamal,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda ta same ka lafiya, kai da Maryam da yara. Allah ya ƙara muku lafiya da rufin asiri, ya tsare ku a wannan ruwa na Fatakwal da ba ya ɗaukewa. Mu nan alhamdulillahi. Ƙafar Inna Delu ta yi sauƙi, har ta koma zuwa unguwa da sandarta. An yanke gero a gonar Maruda, kuma bana ya yi kyau. Mun koma makaranta, an sake ba ni 'yan ajin ƙarshe. Matar ɗana Muzzammil ta yi nauyi, muna roƙon Allah ya sauke ta lafiya.

Za ka yi mamakin ganin rubutun hannuna a wayarka. Na rubuta ne na ɗauki hotonsa saboda na san halinka. Idan na kira ka, da zarar na ɗaga murya za ka ce layi ba kyau, ka kashe. Takarda ba ta da layin da zai yanke. Raina a ɓace yake, Kamal, kuma kai ne kan gaba cikin waɗanda suka ɓata shi, don haka ka zauna ka karanta har ƙarshe.

Zan fara da tuna maka abin da ka gani da idonka amma ba ka taɓa tambayar dalilinsa ba. Shekara talatin maigidana marigayi Malam ya yi yana gyaran famfo tsakanin Gwandu da Kalgo, kuma bai taɓa fita da jaka ɗaya ba. Akwai ja, ta fata, wadda wani baduku ya ɗinka masa tun ina amarya. Ita ce ta ruwan sha da na alwala. Akwai baƙa, ta tamfol, ta aikin masai da sokawe. Kowace da filayarta, da sifanarta, da zartonta. Duk ƙarfen da ke cikin baƙar ya naɗa wa mariƙinsa baƙar roba, don ko a gaggauce kada ya yi kuskure. Ja tana dama a kan babur, baƙa tana hagu. Ja tana kwana a ɗakinsa, baƙa a rataye a bayan gida, bayan ya wanke kayanta da sabulu ya shanya. A cikin jar ma akwai tsari: masu nauyi a ƙasa, ƙananan mahaɗan bututu a gwangwanin madara, farin tef da gam a gefe, testa da sukudireban aikin hitar ɗumama ruwa a naɗe cikin busasshen ƙyalle a aljihun waje inda ruwa ba ya kai. Haka ya koya wa ɗanmu Muzzammil, haka shi ma ya ci gaba shekara biyu bayan rasuwarsa, kuma mutane suka karɓe shi kamar ubansa.

Sai ka zo Babbar Sallah da tsarabarka. Jaka mai aljihu arba'in, mai taya, mai hannun ja, kamar ta mai shirin hawa jirgi. Ina zaune ina ji ka ce wa yaron a can kudu ba wanda ke yawo da filaya biyu, wannan wahala ce ta mutanen da, injiniya na gaske jaka ɗaya gare shi. Ka ce in yana so a daina kiransa mai gyaran famfo a fara kiransa injiniya, to ya fara da jakarsa. Da za ka tafi ka juye kayan jar ka ɗauke ta, ka ce fatar ta yi kyau, za ka rataye ta a falonka don tunawa da Malam. Kai da ba ka taɓa kwance kan famfo ba a rayuwarka, aikinka a ofis ne, kai ka tsara wa mai sana'a yadda zai riƙe kayansa. Ni ma ina da laifi, ba zan ɓoye ba. Sau ɗaya na yi magana, Muzzammil ya ce mini Kawu ya fi mu ganin duniya, sai na yi shiru don kada a ce na raina kyautar ɗan'uwana. Wannan shirun yana cina har yanzu.

Ga abin da ya yi. Ya baje kayan jakunkunan biyu a tabarma, ya zaɓi wanda ya fi kyau a kowane iri, ya zuba a sabuwar. Filayar baƙar jaka ta fi ta jar kama ƙarfe, saboda haka ita ya ɗauka, da baƙar robarta a mariƙi. Wata huɗu yana fama da wannan akwati a bayan babur. Tayarta ba ta tafiya a yashi, ɗaukarta yake a ka. Aljihun sun yi masa yawa, sai ya zuge goma kafin ya sami tef. Duk wannan da sauƙi.

Ranar Talatar makon jiya aka kira shi Kalgo gidan Alhaji Usman, mai sayar da taki, masai ya toshe. Ya yi aikin da safe, maigidan yana tsaye a kansa. Ya wanke hannu, ya ɗauraye kayan, ya mayar jaka. Bayan azahar ya wuce masallacin unguwar, inda tun zamanin Malam gidanmu ke kula da tanki da famfunan alwala, don ya gyara abin da ke tsayar da ruwa a cikin tankin. Alhaji Usman yana cikin kwamitin masallacin, kuma bai riga ya tafi gida ba. Ya ɗaga kai ya ga filaya mai baƙar roba tana shiga tankin. A gaban mutane ya ce, "Muzzammil, wagga filaya ba ita ce ka sa cikin masaina da safe ba?" Yaron bai iya ƙarya ba, ya ce ita ce, amma ya wanke.

Kafin la'asar an zubar da ruwan tankin gaba ɗaya. Matasan unguwa suka shiga da omo da tsintsiya, shi yana tsaye ba wanda ya ce ya taya. Tsofaffi suka taru kan liman suna tambaya ko za su sake alwala, har da masu tambayar sallolin wata huɗu. Liman ya kwantar musu da hankali, ya ce ruwa mai yawa wanda launinsa da ɗanɗanonsa da warinsa ba su sauya ba yana nan da tsarkinsa. Gaskiya ya faɗa, ni ma abin da na karanta ke nan tun ina gaban Baba. Amma hukunci daban, ƙyama daban, kuma a wannan tankin ake ɗibar ruwan da ake sha ranar Juma'a. Malama Lidiya, maƙwabciyarmu 'yar Zuru da ke aikin jinya, ta ce mini ko a wurin aikinsu ba a haɗa kayan wanke rauni da na share ƙasa a mazubi ɗaya, komai wankin da aka yi musu. Ka ga abin da ka kira na mutanen da, shi masu ilmin zamani suke yi.

Yau kwana goma sha ɗaya. Wayar Muzzammil tana ƙara, amma duk kiran na masai ne. Ba wanda ya kira shi kan famfon kicin ko tanki ko hita, sai Lidiya kaɗai, ita ma na san don ni ta yi. A tashar Kalgo 'yan acaɓa sun sa masa suna Jaka Ɗaya. Ya daina cin abinci a zaure da abokansa. Kuma ka san kwamitin ya yi masa alkawarin aikin sa hita mai aiki da hasken rana, don tsofaffi su samu ruwan ɗumi na alwala kafin sanyi ya shigo. Yanzu ana maganar a kira wani daga Birnin Kebbi. Idan masallacin ya sallame shi, duk gidan da ke Kalgo ya sallame shi, Gwandu ma za ta ji. Sunan da ubansa ya yi shekara talatin yana wankewa da sabulu zai koma na mai yashe masai.

Shekaranjiya na nemi izini a makaranta na hau mota zuwa Kalgo. Na je da hujjojina a shirye, na jera wa Alhaji Usman su ɗaya bayan ɗaya kamar ina gaban aji. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Malama, ni ban kai ki karatu ba. Abin da na sani, in na ga jar jakar mijinki a gindin tanki, ido rufe nake shan ruwan." Sai na ajiye hujjojina na koma roƙo. A ƙarshe ya yarda cewa ranar Juma'a ta sama, idan kwamiti ya zauna, yaron ya zo da jakunkunan ubansa biyu, ya buɗe su a gaban kowa, a ga kowane ƙarfe a inda yake. In ya yi haka, shi zai fara cewa a bar masa aikin. Na ce zan sa baduku ya ɗinka wata ja. Ya ce ja ba ta yi wuya a kasuwa ba, waccan suka sani, mai faci a gindi da maratayin da ya yi baƙi don gumi.

Saboda haka abu biyu nake so, kuma ba shawara nake nema ba. Na farko, ka sauke jakar nan daga bangon falonka, ka kai ta tasha gobe, ka ba direban motar Birnin Kebbi hannu da hannu, ka turo mini lambarsa. Kada ka sa a goge ta da mai, kada ka cire facin. Na biyu, ka kira ɗanka da bakinka ka ce masa ka yi kuskure. Ni na faɗa masa ya fi sau goma, yana sunkuyar da kai kawai, don har yanzu gani yake idan ya koma jaka biyu ya watsa wa kawunsa ƙasa a ido. Kai ka ɗaura masa wannan, kai za ka kwance. Na san da kyakkyawar niyya ka yi, shi ya sa ma nake rubuto maka maimakon in kai ƙararka wurin Inna Delu. Amma in Laraba ta yi ban ji daga direba ba, wurinta zan nufa, kuma ka san ita ba takarda za ta rubuta ba.

Kyautarka kuwa ba ta tafi a banza ba. Tsohuwar baƙar jakar ta yage a gefe, ina ɗinke ta don ranar Juma'a kawai. Daga nan taka za ta gaje ta. Na riga na naɗa wa hannunta baƙar roba, na buga mata ƙusa a bayan gida. Aljihu arba'in sun ishi kayan masai.

Ka gaishe mini da Maryam da kyau, ka ce mata na gode da atamfar. Ka shafa mini kan Hassan da Abubakar. Inna Delu tana gaishe ku, Kabiru da iyalinsa na Diggi ma haka. Allah ya jiƙan Malam da iyayenmu, ya huci zuciyata a kanka, ya sa jakar ta iso kafin Juma'a.

Yayarka,
Zahra'u