Dogon Hancin Gwaggo

Litinin, 3 ga Yuni

Sun rufe gada. Wai gyara, wata uku, in ji allon da suka kafa. Na san wata ukun masu gyaran gada, jikana na iya yin gemu kafin su gama. Saura mashigin ƙasa, ta cikin rafi.

Na je na duba da kaina. Na naɗe wando na shiga, ruwa iya gwiwa, alhali damina ko zama ba ta yi ba. Bakin da Gwaggo ke shaƙar iska yana bayan fitilar dama, ƙasa-ƙasa, da kyar ya kai cinyata. Gwaggo motata ce ta ɗaukar kaya, kada wani ya tsinci littafin nan bayan raina ya ɗauka ƙanwar ubana nake shirin turawa cikin rafi. Shekara ashirin da biyu muna tare. In ta kurɓi ruwa ko kofi ɗaya ta wannan bakin, inji ya tashi aiki, ni ma na tashi aiki.

Shugaban masu lambu na tsallake ya ce ranar sha bakwai za su fara tsinkar kankana. In zan iya ƙetarewa, lodin nawa ne kamar kullum. In ba zan iya ba, kada in ji haushi, za su nemi mai babbar mota. Na ce masa ya ajiye min lodina.

Talata, 4 ga Yuni

Na yanke shawara, dogon hanci zan yi mata. Bututu daga akwatin filta, ya fito ta gefen madgad, ya bi ƙarfen gilas har saman rufi, ta riƙa shan iska daga can sama. Na gani a motocin masu aikin daji. Nasu na kamfani ne, nawa na mai famfo.

Uwar yara ta ce, "Malam, mota ce ko giwa?" Na ce ta zuba ido.

Laraba, 5 ga Yuni

Bututun roba mai kauri, inci uku. Gwiwar bututu uku, gam, tiyo guntu, kilif huɗu. Mai shagon ya tambaye ni banɗaki nawa ne a gidan. Na ce ɗaya ne, amma mai tayoyi. Bai yi dariya ba. Mutanen yanzu ba su da raha.

Alhamis, 6 ga Yuni

Wuni guda a rumfar Tartsatsi mai walda, abokina tun muna samari. Shekara talatin na gurzar ƙarfe sun cinye masa kunne, ba ya magana sai da ihu. Ina tausayinsa. Amma gaskiya shi kaɗai ya rage a garin nan da ke magana yadda mutum zai ji. Kowa ya koma magana ciki-ciki, musamman a gidana.

Da zai huda madgad juya baya na yi. Ban iya kallo ba, sai na ji kamar fatata ake yanka. Sau uku muka auna, duk da haka ramin ya kauce da yatsa biyu. Shi ya ce ni na motsa alli, ni na ce idonsa ya bi kunnensa. Muka faɗaɗa ramin, muka zagaye shi da roba, sai ka ce da gangan muka yi.

Ya ƙera min maɗauri biyu na ƙarfe, masu kyau, ba laifi. Ban faɗa masa ba, kada kansa ya kumbura.

Juma'a, 7 ga Yuni

Gam ya manne min yatsu biyu. Uwar yara ta yi dariya har da riƙe ciki kafin ta kawo ruwan ɗumi.

Asabar, 8 ga Yuni

Hancin ya tsaya. Na shafa masa baƙin fenti, in ba faɗa maka aka yi ba ba za ka ce bututun banɗaki ba ne.

Mun yi gardama da Tartsatsi a kan inda bakin zai kalla. Shi gaba, wai ta cika ciki da iska. Ni baya, don kada ruwan sama da ƙwari su samu ƙofa. Motata ce, baya ya kalla. Na rufe bakin da wayar tsohuwar rariya da na samu a kicin. To, ba tsohuwa ba ce sosai. Za a ji magana.

Na tayar da ita, maƙwabta suka fito kallo. Muryarta ta ƙara kauri, har a tafin ƙafa nake jinta. Ni da a tasha ake kira Likita, saboda direba ya kawo motarsa, in tsaya taku uku daga bonet in ce masa nozul na uku ne, a buɗe a ga haka ne. Wannan kunnen shi ya ciyar da gidan nan fiye da hannuna. Yau ya ce min aiki ya yi.

Litinin, 10 ga Yuni

Gwaji. Tsohon bakaniken da ya koya min aiki, Allah ya jiƙansa, ya ce in kana so ka san ko hanyar iska ta toshu ruf, ka ɗora faffaɗan katako a bakin inji yana aiki. Ba tafin hannu ba, in kana son hannunka. In inji ya shaƙe ya mutu, babu inda iska ke satar hanya. In ya ci gaba, akwai ɓaraka, kuma duk inda iska ta shiga ruwa zai shiga.

Na hau kan benci na ɗora katako. Gwaggo ko a jikinta. Ta ɗan rage murya ta ci gaba da abinta.

Na kira Tartsatsi ya riƙe katako, na bi bututun da kunne daga sama har ƙasa. Shiru. Muka yi musaya, shi ma ya bi. Ya ɗago ya yi ihu, "Babu komai." Na ce ai na sani.

Amma akwai komai, tunda ba ta mutu ba.

Talata, 11 ga Yuni

Na kwance duka, na sake gam, na naɗe kowace mahaɗa da yankan tiyub, na ƙara ɗaure kilif har sukudireba ta zame ta ci min ɗan yatsa. Katako. Ba ta mutu ba. Abu ya ƙi ci ya ƙi cinyewa.

Laraba, 12 ga Yuni

An kwana ana ruwa. Rafi ya kai min cinya.

Shugaban masu lambu ya kira. Na miƙa wa Uwar yara wayar don lasifikarta ta lalace. Waya ta uku ke nan da nake saya lasifika na lalacewa, kayan yanzu sai a hankali. Ta ce tambaya yake ko yana nan a kan maganarmu. Na ce ta ce masa daram.

Saura kwana biyar. Gabana na faɗuwa, a nan kawai zan faɗa.

Alhamis, 13 ga Yuni

Ina kan benci da katako, karo na nawa ban sani ba, sai na ji an taɓa min ƙafa. Uwar yara ce, da bokitin wanki a hannu. Ta jira har na sauko, ta tsaya dab da fuskata.

"Malam, fito take yi."

"Wa?"

"Gwaggo. Duk sanda ka ɗora katakon nan sai ta yi fito, siriri, kamar buta ta tafasa. Daga kicin nake jinsa."

Na ce ko butar tata ce. Ta ce tun Litinin ta faɗa min, na ce to. Ta sake faɗa ranar Talata, na ce to. Ta ɗauka na ji ne ina nema.

Ban tuna ko ɗaya ba. Na juya wajen Tartsatsi, da ya zo taya ni, na ce ko ya ji wani fito. Sai da na maimaita sau biyu, sannan ya ce babu wani fito, mata dai. Ta dube shi, ta dube ni, ta sake dubansa. Ta ɗauki bokitinta ta nufi igiyar shanya, kafaɗunta na rawa. Dariya take, na san bayan matata.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na bi ta na ce shekara talatin da ɗaya ina sauraron inji, ba a kicin za a koya min ba. Ta juyo ta ce wani abu a hankali. Na ga bakinta ya motsa.

Na ce to.

Sai da na shiga ɗaki na zauna na lura da abin da na ce.

Juma'a, 14 ga Yuni

Ban taɓa mota ba. Na zauna a tsakar gida. Wani ɗan tsuntsu ya sauka a kan katanga, yana buɗe baki yana rufewa, maƙogwaronsa na rawa. Na daɗe ina kallonsa. Tsuntsayen bana ba su da murya.

Asabar, 15 ga Yuni

Na ce ta zo ta riƙe min tocila. Ƙarfe goma na safe, rana fatau. Ta zo, ba ta ko tambayi inda tocilar take ba.

Na tayar da Gwaggo, na hau benci, na ɗora katako. Ta shimfiɗa kwali ta durƙusa, ta karkata kai, tana bi sannu a hankali. Ta wuce gwiwar sama da na zarga, ta wuce tiyon da na naɗe sau uku. Ta zura hannu can ƙarƙashin akwatin filta, inda ido ba ya kai.

Gwaggo ta yi tari sau biyu, ta girgiza, ta mutu.

Tunda nake tuƙi ban taɓa murnar mutuwar inji ba sai yau. Saura kaɗan in faɗo daga benci.

Ashe ɗan nonon roba ne a gindin akwatin, wanda aka yi don ƙura da ɗigon ruwa su riƙa zubewa. Ya tsufa ya tsage, ramin ya kai girman babban yatsa. Ni na manta ma da shi. Da na shiga rafi haka, ta nan za ta sha ta ƙoshi, ga dogon hanci a sama yana kallon Allah.

Na cire shi, na toshe ramin da murfin roba da silikon, wanda zan iya ɓarewa bayan damina. Da ya bushe muka gwada sau uku, sau uku tana mutuwa. Uwar yara ta goge yatsanta a rigata ta ce, tunda yau ina kallon bakinta, bari ta tuna min abubuwan da na ce wa to a watan nan. Fentin falo. Zuwan ƙanwarta, sati uku. Sabuwar rariya. Asibitin kunne, ranar Alhamis.

Na ce na ƙarshen ban yarda na faɗa ba. Ta ce da shaidu.

Litinin, 17 ga Yuni

Mun ƙetare.

Ita ta ce za ta bi ni, ban roƙe ta ba. Na dai share kujerar tun jiya, dama ta yi ƙura. Rabonta da shiga gaban Gwaggo tun auren babbar 'yarmu. Muka yi yarjejeniya a bakin rafi: ta sauke gilas ta saurara, hannunta a kan gwiwata, in muryar inji ta canza ta matsa.

Ruwa ya haura cinya, ja, yana gudu. Giya ta ɗaya, totur daidai, ba ɗaga ƙafa. Na yi bisimilla na shiga. A tsakiya ruwa ya taso ya mari bonet, fitilu suka nutse, na ji sanyi ya shigo ta ƙasan ƙofa ya jiƙa min takalmi. Idona na kan bishiyar tsallake, hankalina duk yana kan gwiwata. Hannun bai motsa ba. Tayoyin gaba suka kama tsakuwa, Gwaggo ta hau tudu tana zubar da ruwa ta ko'ina.

Na buɗe akwatin filta a gaban masu lambu. A bushe ƙayau. Shugabansu ya zagaya hancin yana shafawa, ya ce wane injiniya ne ya yi. Na ce mu biyu ne. Ya ɗauka Tartsatsi nake nufi, na gyara masa.

Sawu biyu muka yi. Sun ba ta kankana mafi girma a lambun, ta riƙe a cinya har gida. Ni ko yanki ba a ce in ɗauka ba.

Alhamis, 20 ga Yuni

Na raka ta asibiti. Tunda ina wurin, suka ce in zauna. Suka sa min wani abu a kunnuwa, suka ba ni maɓalli, wai in danna duk sanda na ji ƙara. Na zauna ina jira su kunna na'urar. Can ma'aikaciyar ta leƙo ta ce ai tun ɗazu take kunne.

Za su ba ni wani ɗan abu na maƙalawa, nan da sati biyu. Ba wai ina bukata ba sosai. Don Gwaggo ne, ba kullum mutum zai riƙa ɗaukar matarsa zuwa lodi ba.

A hanyar dawowa ta ce wani abu, fuskarta na kallon titi. To ɗin ya zo har bakina. Na haɗiye shi, na gangara gefe, na kashe mota. Na ce, "Ban ji ba. Sake faɗa."

Ta juyo da jikinta gaba ɗaya ta ce, "Cewa na yi hadari ya haɗo, na bar shanya a waje."

Shi ke nan maganar. Amma daga shanya ta shiga labarin maƙwabciya, daga nan ta shiga na jikanmu da ya fara tafiya, da wani mafarki da ta yi tun watan jiya. Kunya ta kama ni, daɗi kuma ya kama ni, ban san wanne ya fi ba. Mun fi rabin awa a gefen titi, inji a kashe, har ruwan ya sauko.

Shanya ta jiƙe duka. Ashe labari ne fal a bakin matar nan, shekara nawa ban sani ba.