Ki Sa Sunana a Jerin

Ya ke ruwan farko a kan ƙasar da ta gaji da jira, inuwata a tsakar rana, 'Yar Gardama tawa, matata,

Sallama gare ki daga wannan wuri na ƙasar waje da rana ke fitowa kamar wadda aka tilasta. Shekara shida ke nan ina tsaye a layin masana'antar daskarar da kifi, wuƙa a dama, ƙanƙara a hagu, har ƙarni ya zauna mini a fata, sabulu ya sallama. Muryarki ce ke riƙe da ni a tsaye. In kika ce "Malam, ka ci abinci?" sai in ji kamar an buɗe taga a ɗakin nan da mu shida muke rabon iska da wurin cajin waya ɗaya.

Kin tuna ranar da ruwa ya tsare mu a barandar kotu? Kin fito daga shari'ar da kika faɗi, kika cire takalma kika miƙo mini, kika rungume fayil a ƙarƙashin baƙar rigarki kamar jariri, kina ta masifa a kan alƙalin da ya tambayi matar da kike karewa me ya sa ta yarda aka ɗauke ta hoto tun farko. Ni rabin maganar ma ban ji ba. Ɗigon ruwa nake kallo a gashin idonki, kamar raɓa a kan ciyawa. A nan kika ce za ki fara gajerun bidiyo a waya, ki gaya wa mata abin da doka ta ba su, tunda ba kowace ke iya hawa matakalar kotu ba. Na ce macen da ta sa fuskarta a waya ta sa ta a kasuwa. Kika tambaye ni me ya sa kullum mace ake cewa ta ɓuya, ba a cewa namiji ya kama hannunsa. Sai na ce ruwa ya tsagaita.

Ba zan yi miki ƙarya ba, na daɗe ina jin haushin bidiyon nan. Mata dubbai suna da ke kullum, ni da na aure ki minti goma nake samu ranar hutu. Abokan aiki suna kirana mijin lauya, wai in yi hankali kar a maka ni kotu saboda minshari. Ina dariya, ciki na ƙuna. Na faɗa ne don ki san da wace zuciya na yi abin da na yi, ba don in wanke kaina ba.

Yau kwana arba'in da wani marar tsoron Allah ya ɗora fuskarki a jikin wata tsirara ya saki a duniya. Kwana arba'in kina tambayata cikin kuka ta yaya hoton ya shiga zauren danginmu na waya, har Inna ta gani, har ƙannena suka daina gaishe ki. Ni kuma ina ce miki ki yi haƙuri, Allah zai tona.

To, ga shi ya tona. Ni ne.

Lokacin hutun rana ne. Wani da muke layi ɗaya ya turo mini, yana kallona ta gefen ido. Na zare safar hannu, yatsuna sun mutu da sanyi, na buɗe hoton. Ban kira ki ba. Yaya na tura wa, da kalma uku: "Yaya, ita ce?" Da na sake duba, sai na ga babu tabon ƙunar da ke kafaɗarki, tabon da na fi sanin hanyarsa fiye da hanyar gidanmu. Kafin in ce masa ya goge, Yaya ya riga ya zuba shi a zaure, wai a yi shawara.

Wayyo, farin watana! Ni da na san ƙamshin wuyanki kamar yadda tsuntsu ya san reshensa, na je ina tambayar wani namiji ko jikinki ne? Na yi ta lallashin kaina cewa ai tura kawai na yi, ba ni na ƙera ba. Sai na ji ki a bidiyon makon jiya, murya a dushe, kina cewa hoto ba ya da ƙafa, yatsun mutane ne ƙafafunsa. Kika ce ko da hoton gaskiya ne, jikin mace ba wasiƙar dangi ba ce. Ko da ke ce ɗin, wa ya ba ni izini?

Na san ke da abokiyar aikinki kuna haɗa jerin waɗanda suka tura don ku bi sawu har wurin wanda ya ƙera, kuma sawun ya yanke a kan Yaya, ya ƙi faɗin inda ya samu. Kada ki ɗora masa duka. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar Baba, kuma a ganinsa aurena yake karewa. Sau uku yana kirana, in goge komai in canza lamba, wai mace kan manta. Ban goge ba. Jiya na nemi izinin rabin wuni, na je ofishin da ake buga hatimin rantsuwa, na rubuta wanda ya turo mini, da ƙarfe nawa, da wanda na tura wa, da kalmomin nan uku, na sa hannu. Takardar tana hanyar ofishinku. Na so ki ji daga bakina kafin ki gani a fayil.

Alfarma ɗaya nake roƙo, sanyin idona, kuma ba yafiya ba ce, ban kai nan ba tukuna. Ki sa sunana a jerin, a inda ya faɗo, tsakanin mutumin layinmu na aiki da Yaya. Kada ki tsallake ni don ina mijinki. In kika tsallake ni, matan nan da suka yarda da ke za su koyi cewa doka tana tsayawa a ƙofar ɗakin aure, kuma ni ne zan zama dalili. In kotu ta nemi ganina ta waya, zan sa rigata mai kyau in amsa. In akwai hukunci, nawa ne.

Abin da za ki yi da ni bayan haka, naki ne ke kaɗai. Ba zan aiko Inna ba, ba zan aiko kowa ya yi miki magiya ba. Ranar hutu zan kira kamar kullum. In ba ki ɗauka ba, ba zan sake bugawa in dame ki ba. Zan jira wani makon, da na bayansa, har gashina ya yi fari kamar ƙanƙarar da nake fasawa. Wata mace ba za ta ji muryata da irin wannan kira ba, a nan ko a gida, muddin ina numfashi.

Naki, da laifina da ƙaunata,
Mijinki, in kin bar mini sunan.