Na wanke wa 'yata ƙwallonta da soson ƙarfe

Assalamu alaikum Anti mai shafi da masu karatu. Don Allah a sakaya sunana, kuma kafin ku yi min caa ku karanta har ƙarshe, zagin da nake wa kaina ma ya ishe ni.

A Lewisham muke zaune, a ƙasar waje. 'Yata ta fari shekararta goma sha shida, huɗu daga ciki ta yi su ne a wasan bowling, wanda ake mirgina ƙwallo mai nauyi a kayar da sanduna goma. Ba irin na zuwa birthday ba, na gaske: gasa, atisaye sau uku a mako, ni ce direba. Ƙwallon ma daidai yatsunta aka huda ta. Kocinta ya sha gaya musu, duk mai son wasan nan da gaske kada ya bari kowa ya taɓa masa ƙwallo. Na ji da kunnena, na ɗauka iyayi ne kawai.

Ana gobe gwajin da za a zaɓi 'yan ƙungiyar matasa, tana makaranta ina shara, na buɗe jakarta na ga ƙwallon duk maiƙo. Ni kuwa ban iya ganin maiƙo in wuce ba. 'Yata za ta fita cikin mutane da wannan ƙazanta? Na kai ta kicin, na ɗauko soson ƙarfen da nake kankare tukunyar tuwo, na dirje ta tas, na mayar ina jin daɗin kaina.

Washegari duk jifan da ta yi, ƙwallon ba ta kai rabin hanya sai ta karkace. Kocin ya yi tafiya, ba mai lura. Sai duba hannunta take, tana juyowa tana kallona. Wata uwa da ke kusa da ni ta ce min ai fatar ƙwallon ita ce komai, ko ɗan gogewa aka yi mata sai tafiyarta ta canza. Wallahi nan take na tuna da soson ƙarfen nan. Ba a ɗauke ta ba.

A mota ta ce, "Mummy, hannuna ne. I've lost it." Na buɗe baki, me ya fito? "Haka Allah ya so, sai ki mai da hankali kan jarrabawar A-level." Ga inda kunyar take: wani ɓangare na zuciyata daɗi ya ji. Na gaji da zirga-zirga, na gaji da matan da ke tambayata a wajen suna, "Har yanzu likitar tamu tana jifan sanduna?" Wace irin uwa ce ke ganin hawayen 'yarta ta ji sauƙi?

Mako uku ke nan jakar na bayan ƙofa, ba ta ko kallonta. Ba ta cin abincin kirki, ni kuma na kasa zama wuri ɗaya. Jiya kocin ya kira, ya ce akwai wani gwajin, ta zo ranar Asabar da ƙwallon ya duba. Ta ce ba za ta je ba, sannan ta rungume ni ta ce, "Ke kaɗai ce ba ki taɓa ba ni kunya ba."

In na yi shiru ta bar wasan, tana zargin hannun da bai yi laifin komai ba. In na faɗa, da wane ido za ta sake kallona? Yau Laraba. Jama'a, me zan yi?