Baba, Na Goge Layin Alhaji Tanko

Zuwa ga mahaifina, Malam Habu na unguwar Biafra da ke Treichville,

Assalamu alaikum warahmatullah. Bayan gaisuwa ta ɗa ga ubansa, da fatan ƙasa ta yi maka sauƙi. Na san wasiƙa ba ta zuwa inda kake, amma zan ajiye ta nan inda jama'a ke karantawa, su zama shaidu cewa na amsa laifina da bakina.

Baba, na taɓa masallacinka.

Ka san tun kana raye tayil ɗin zauren nan da ka mayar masallaci yake tsone mini ido. Simintin da ke tsakanin tayil ɗin ya yi dauɗa, wannan kowa ya gani. Amma abin da ya fi ci mini rai shi ne layin nan guda, baƙi wuluk, mai tudu da kaushi, wanda ya taso daga bakin ƙofa, ya miƙe har sahun farko, ya karya dama ya tsaya. Na ɗauka wani magini ne ya cuce ka da facin banza. Duk sanda na ce a gyara sai ka ce, "Lawali, abin da ba kai ka dasa ba, kada ka tuge." Ni kuma in ce a raina rowa ce irin ta tsofaffi.

To, watan jiya na ga ba mai hana ni. Na hau mota zuwa unguwar Adjamé wajen Sidiki mai aikin tayil, Bajule, na aro injin gurza, wanda su ke kira mulez. Ya ce in riƙe da hannu biyu, in rufe ido da hanci, in riƙa yayyafa ruwa saboda ƙura. Na ce masa ni da na shekara ashirin ina kokawa da 'yan dakon tasha, ba ɗan injin da bai kai tunkiya ba zai gagare ni.

Na sa baƙin tabarau na zuwa biki, na ɗaure hanci da gyalen surukarka. Ruwa kuwa na manta da shi. Ina danna maɓalli injin ya yi wata ƙara, ya fizge ni, ya nufi wurin liman da gudu, ni kuma ina biye da shi a guiwa ina salati. Kafin mu fahimci juna ya cinye gefen tayil biyu.

Ƙura ta turnuƙe zauren, ta fita tsakar gida, ta sauka a kan aceke, wato dambun rogo, na Tanti Aya maƙwabciyarmu, wanda ta baza a faranti za ta kai kasuwa. Ta zage ni da Faransanci, da ya ƙare ta koma yarensu na Baule. Ana cikin haka wutar gidan gaba ɗaya ta ɗauke, don ka san mitarmu ɗaya, ko dutsen guga biyu ba ta ɗauka. Na fito fari fat tun daga gira har yatsun ƙafa, jikarka ta kalle ni ta fashe da kuka.

Kwana uku na yi ina wannan yaƙi. Baƙin layin nan ya fi ko'ina taurin kai, sai da ya cinye mini faifan injin har biyu. Da na gama na cike ko'ina da farin siminti, na goge sumul. Jama'a suka shigo Azahar suna ta sa mini albarka. Kaina ya kumbura har hula ta matse ni.

Sai ga amininka Alhaji Tanko.

Ka san yadda duk Treichville ke faɗin karamarsa: makaho ne, amma yana jingine sanda a ƙofa, ya shiga shi kaɗai, ya tafi ɗoɗar har wurinsa na dama da liman, ba ya taka kowa. Ranar nan ya jingine sandar, ya cire takalmi, ya miƙa babban yatsan ƙafarsa yana lalube. Ya lalaba dama, ya lalaba hagu. Ya yi ta maza ya shiga, ya zarce ya rungumi fanka. Wasu suka yi dariya, Allah ya yafe mini, har da ni. Aka kamo hannunsa aka kai shi sahu, shi da shekara da shekaru bai yarda a ja shi a cikin masallaci ba.

La'asar bai zo ba. Washegari ma bai zo ba. Da aka kwana huɗu na bi shi gida a unguwar Belleville, na same shi yana salla a ɗaki shi kaɗai. A nan ya gaya mini abin da ka ɓoye mana. Lokacin da idonsa ya tafi, ya ce maka ya bar jam'i ke nan, don ba zai zama kayan ja ba. Kai kuma ka kwaɓa siminti da yashi da baƙar hoda, ka durƙusa ka yi layin nan da hannunka, ka ce masa ƙafa ma tana karatu idan aka rubuta mata.

Baba, na ji kunyar da ban taɓa ji ba. Na yi kuka a gabansa, kuma na gode Allah da ba ya gani.

Na koma wajen Sidiki, ya ba ni injin yana dariya. Wannan karon na yayyafa ruwa, na roƙi Tanti Aya ta rufe farantinta, na sa aka kashe firij ɗin kowa. Na tone farin simintina daga ƙofa har sahun farko, na kwaɓa mai yashi na cusa. Ya fito a karkace, gaba tudu baya kwari. A rayuwata ban taɓa ganin rashin iya aikina ya yi rana ba sai ranar.

Jiya Alhaji Tanko ya jingine sanda, yatsansa ya sami hanya, ya tafi har wurinsa ba wanda ya taɓa shi. Bayan sallama ya ce in dai kaushi ne, ɗa ya fi ubansa. Shi ya ce in fallasa asirin. Wai ya gaji da masu kawo masa ruwa ya tofa, kuma yana so kafin ya biyo ka mutane su san karamar ba tasa ba ce, ta amininsa ce.

Ina kewarka, Baba. Allah ya gafarta maka, ya yalwata makwancinka. Yadda ka durƙusa ka yi wa bawansa hanya zuwa sahu, Allah ya miƙe maka taka hanyar har Aljanna Firdausi. Amin.

Ɗanka mai ƙaramin sani,
Lawali